Shirin Tafiya Kerala da Damina

Kerala wata jiha ce a kudu maso yammacin ƙasar Indiya, a bakin Tekun Arabiya. Siririya ce ƙwarai. Tsawonta daga kudu zuwa arewa ya kai mil 360, amma faɗinta bai wuce mil 75 ba, wani wurin ma bai kai mil 25 ba. Teku na yamma da ita, duwatsu na gabas, mutane kuwa suna tsakani, su fiye da miliyan 33 bisa ga ƙidayar da aka yi cikin 2011. Harshensu Malayalam. Tun zamanin da, fatake su ke zuwa wannan gaɓa daga ƙasashen Larabawa da Sin da Turai don sayen masoro da citta. Yanzu kuwa yawancin baƙin masu yawon shaƙatawa ne, waɗanda ke zuwa don rairayin bakin teku, da tafkuna masu inuwar kwakwa, da gonakin shayi na bisa tuddai.

Galibin baƙi su kan zo tsakanin Disamba da Fabrairu, sa'ad da gari ya ke sarari, teku kuma ta kwanta. Amma akwai waɗansu da ba su zuwa sai da damina. Wani arha ke kawo shi, gama a lokacin masu masauki su kan rage kuɗi ƙwarai don rashin baƙi. Wani kuwa hutunsa ne ya faɗo cikin Yuli ko Agusta, ba shi da wani lokaci sai wannan. Wani ma ruwan ya zo gani. Dukansu suna iya jin daɗin tafiyarsu, muddin sun san abu guda, watau a Kerala damina ce ke tsara tafiya, ba matafiyi ba. Ita ke faɗin inda za a je da inda ba za a je ba, da ranar tashi da ranar zama. Wanda ya bi tsarinta ya kan ga ƙasar cikin kyaunta. Wanda ya ƙi kuwa ya kan yi hasarar kuɗinsa, wani lokaci har da abin da ya fi kuɗi.

Abin da ya kamata a fara sani shi ne inda ruwan ya ke fitowa. Cikin Afrilu da Mayu rana ta kan gasa ƙasar Indiya har ta fi teku zafi nesa. Iskar da ke bisa ƙasa ta yi zafi ta tashi sama, sai wata iska mai laima ta taso daga teku, daga kudu maso yamma, ta zo ta maye gurbinta. Da ta iso Kerala sai ta tarad da jerin duwatsun nan na gabas, waɗanda a ke kira Gat, sun tare mata hanya. Mafi tsawonsu, Anamudi, ya ɗara ƙafa 8,800. Tilas iskar ta hau, in ta hau kuwa sai ta yi sanyi, ta zubad da ruwan da ta ɗauko. Shi ya sa Kerala ke jiƙe sharkaf alhali ƙasar Tamil da ke bayan duwatsun tana fama da ƙura. Da sanyin shekara kuma sai iskar ta juya, ta riƙa busowa daga arewa maso gabas. Wanda ya san ƙasar Hausa ba zai ga wannan baƙon abu ba, don can ma iskar kudu maso yamma ce ke kawo damina, ta arewa maso gabas kuwa ita ke kawo hunturu. Bambancin a yawan ruwa ya ke. Kerala ta kan sami wajen inci 120 a shekara, watau kamar ninki uku na Kano. Ruwan da a kan yi a birnin Koci cikin watan Yuni kaɗai ya yi daidai da wanda a ke yi a Landan shekara guda cur.

Ma'aikatan jiragen ruwa na Larabawa sun san wannan juyin iska tun da daɗewa. Suna kiran lokacin tashin jirage mausim, daga nan ne Turawa suka sami kalmarsu ta monsun. Da iska su ke zuwa, da iska su ke komawa, in marka ta kama kuwa sai a rufe tasoshin jirage, kowa ya zauna. Ibn Batuta, mashahurin matafiyin nan na Maroko, ya zo Kalikut wajen shekarar 1342, ya zauna wata uku yana jiran lokacin da jirage ke tashi zuwa Sin. Basko da Gama na Fotugal kuwa bai yi wannan haƙuri ba. Da zai zo, cikin 1498, iska na bayansa, bai cika wata guda ba tsakanin Malindi ta Afirka ta Gabas da Kalikut. Da zai koma sai ya tashi ƙarshen Agusta, tun iska ba ta juya ba. Bai sāke ganin Malindi ba sai cikin Janairu 1499, bayan mutanensa da yawa sun mutu a teku, har ya ƙone ɗaya daga cikin jiragensa don babu isassun masu tuƙa shi. Matafiyin yau a jirgin sama ya ke zuwa, amma darasin bai canja ba.

To, aikin farko ga mai shirin tafiya shi ne zaɓen wata. Damina biyu gare su a Kerala. Babbar ta kan faɗi wajen 1 ga Yuni, ta kai ƙarshen Satumba, ita ce kuwa ke kawo kamar kashi biyu cikin uku na ruwan shekara. Ba kullum ta ke cika alkawari ba. Cikin 2023 sai ran 8 ga Yuni ta faɗi, cikin 2025 kuwa tun 24 ga Mayu. Hukumar duba yanayi ta Indiya ta kan faɗi ranar da ta ke tsammani tun tsakiyar Mayu, dukan ƙasar kuwa ta kan kasa kunne, don daga Kerala ruwan ke farawa kafin ya haura arewa. Yuni da Yuli su ne marka. A kan yi kwana uku ko huɗu ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, sa'an nan ya ɗauke, rana ta fito, ya sāke dawowa. Cikin Agusta ruwa ya kan ragu, amma kada wannan ya ruɗi mutum, domin a lokacin ƙasa ta riga ta ƙoshi, madatsan ruwa sun cika, ruwa kaɗan ya isa ya yi ɓarna. Satumba ta fi sauƙi, ƙasa kore shar, ruwa kuwa jefi-jefi. Ƙaramar damina ta kan biyo baya cikin Oktoba da Nuwamba. Ita halinta dabam ne: da safe gari garau, da la'asar hadari ya haɗu, a yi ruwa da tsawa. Wanda ya zo a wannan lokaci sai ya yi yawonsa da hantsi, ya koma masauki kafin la'asar.

Bayan wata sai wuri. Ba daidai a ke ruwa ko'ina cikin jihar ba. Da babbar damina arewa ta fi shan ruwa, wajen Kalikut da Kannur da Kasaragod, kudu kuwa, wajen babban birnin jihar, Tiribandiram, ruwan shekara bai fi inci 70 da 'yan kai ba. Saboda haka wanda ba shi da lokaci sai Yuni ko Yuli, gara ya karkata kudu. Kuma ƙasar kanta kashi uku ce: bakin teku, da tafkunan da ke bayansa, da tuddai. Kowane kashi da irin hukuncin da damina ta yanka masa.

Bakin teku dai na kallo ne, ba na wanka ba. Rairayin Kobalam da na Barkala, inda baƙi ke cika da rani, da damina teku ta kan cinye yawancinsu, raƙuman ruwa su riƙa dūkan gaɓa dare da rana. Abin da ya fi haɗari shi ne wani jan ruwa da ba a gani daga tudu. Ruwan da raƙuma suka turo gaɓa ya kan tattaru wuri guda ya koma teku da ƙarfi, kamar ƙorama cikin teku, ko gwanin iyo ya faɗa ciki sai ya ja shi. Masu tsaron gaɓa su kan kafa jar tuta, ma'anarta kada kowa ya shiga. Ko tsayawa kan duwatsun gaɓa don ɗaukar hoto bai kamata ba, gama raƙumi guda ya isa ya share mutum. Masunta ma, da teku ta ke gonarsu, suna ja da baya. Gwamnatin jihar ta kan hana manyan jiragen kamun kifi masu jan taru fita har kwana 52, daga wajen 10 ga Yuni zuwa ƙarshen Yuli, don kifi ya sami hayayyafa. An fara wannan doka tun 1988. Ƙananan jiragen gargajiya kaɗai ke fita, su ma sai ranar da teku ta yarda, don haka kifin teku ya kan yi tsada a lokacin.

Tuddai su ne suka fi kyau da damina, su ne kuma suka fi neman hankali. Garin Munar, mai tsayin wajen ƙafa 5,000, gonakin shayi sun kewaye shi, gajimare na yawo a tsakaninsu, har mutum ya nemi bargo da dare. Mafaɗar ruwa ta Atirapalli, wadda tsawonta ya kai ƙafa 80, sai da damina ta ke nuna ƙarfinta. Amma ruwan da ya ƙawata tuddan shi ke zaftare su. In an jima ana ruwa, ƙasar da ke manne a jikin dutse ta kan jiƙe ta yi nauyi, ta sulluɓo gaba ɗaya da itatuwa da duwatsu. Cikin Agusta 2020 ƙasa ta rufta kan gidajen ma'aikatan shayi a Petimudi, kusa da Munar, mutum fiye da 60 suka rasu. Ran 30 ga Yuli 2024 kuma irin wannan ta auku a gundumar Wayanad, ta shafe ƙauyukan Mundakai da Curalmala, mutum fiye da 200 suka halaka. Dukan biyun da dare suka faru, mutane suna barci, bayan ruwa mai yawan gaske. Saboda haka mai zuwa tuddai ya tambayi inda masaukinsa ya ke tun kafin ya biya. In a gindin gangare ya ke, ko a bakin rafi, ya nemi wani. Kada ya yi tafiyar dare a hanyoyin dutse. Hukumomin gunduma ma su kan hana ta in ruwa ya tsananta.

Tafkuna su ne suka fi dacewa da baƙon damina. Bayan gaɓa akwai tafkuna da koguna da magudanan da aka haƙa, duk a sarƙe da juna, tsawonsu ya ɗara mil 500. Babbansu shi ne tafkin Bembanad. Kusa da shi akwai ƙasar Kutanad, inda a ke noman shinkafa a fadamun da ke ƙasa da bakin teku, an kāre su da ganuwar ƙasa. Jiragen da a dā ke dakon shinkafa a waɗannan ruwaye, yanzu an mai da su gidaje, da ɗakin kwana da madafa, baƙo ya yi haya a garin Alapuza ya kwana bisa ruwa. Da yake raƙuman teku ba su shiga nan, a kan yi wannan yawo har cikin marka. Da maraice jiragen su kan tsaya a gaɓa don masunta su sami damar zuba komarsu. Ya kamata mai haya ya ga takardar izinin jirgin da rigunan ceto da idonsa kafin ya shiga, ya kuma sani in hukuma ta yi gargaɗi a kan tsai da jiragen duka.

Gargaɗin nan launi-launi ne, kowace gunduma da nata, kuma kullum a kan sanar a rediyo da jaridu da wayar hannu. Kore, ba kome. Rawaya, ana tsammanin ruwan da ya kai inci biyu da rabi ko fiye cikin kwana guda, sai a lura. Ruwan lemo, inci huɗu da rabi zuwa takwas, sai a yi shiri. Ja kuwa, fiye da inci takwas, a ranar a kan rufe makarantu da wuraren shaƙatawa, baƙo ya zauna inda ya ke. Abin da ya sa mutanen Kerala ba su wasa da wannan gargaɗi shi ne abin da suka gani cikin Agusta 2018. A shekarar aka yi ambaliyar da ba a ga irinta ba tun 1924. Madatsai suka cika, aka buɗe 35 daga cikinsu, mutum fiye da 400 suka rasu, fiye da miliyan guda suka bar gidajensu. Masunta suka ɗora jiragensu bisa manyan motoci, suka shigo cikin gari suna tsamo mutane daga kan rufin gidaje. Filin jirgin sama na Koci ya yi mako biyu a rufe.

Daga nan a ke gane wajibcin barin sarari cikin lissafin kwanaki. Wanda ya ke da kwana goma kada ya cika su duka da wuraren zuwa. Ya ware biyu ko uku na zama, ya kuma koma garin da zai hau jirgi tun ana sauran kwana guda, don ƙasa na iya toshe hanyar dutse yini ɗaya ko biyu. Filayen jirgin sama huɗu ne a jihar masu karɓar jiragen waje: Tiribandiram, da Koci, da Kalikut, da Kannur. Jirgin ƙasan da ke zuwa daga Mumbai ta bakin teku ya kan rage gudu daga Yuni zuwa Oktoba, har an yi masa jadawalin damina dabam, sai a duba shi kada a dogara da na rani. Tikitin da a ke iya canja ranarsa, da masaukin da ke mayad da kuɗi in an fasa, sun fi masu arha waɗanda ba su da wannan sharaɗi. In mutum zai sayi inshorar tafiya, ya karanta ya ga ko ta haɗa da ambaliya. Wanda kuma ya fito daga ƙasar da a ke samun ciwon shawara, kamar Nijeriya ko Gana ko Kamaru, lalle ya riƙe katin allurarsa tare da fasfo da biza, in ba haka ba ana iya tsare shi har kwana shida.

Wajen lafiya, rigakafi ya fi magani. Damina lokacin sauro ne, saurayen da ke kawo zazzaɓin dengi kuwa da rana su ke cizo, don haka gidan sauro kaɗai bai isa ba, sai an haɗa da man shafawa mai korar sauro da riga mai dogon hannu. Akwai kuma wata cuta da a ke ɗauka daga ruwan da fitsarin ɓera ya gauraya da shi, ta kan shiga ta ƙujewa ko tsagar ƙafa. Mutanen Kerala suna ce mata zazzaɓin ɓera, amma ba ita ce zazzaɓin Lasa na Afirka ta Yamma ba. Maganinta kada a ratsa kwantaccen ruwa, in kuwa ya zama dole, a wanke ƙafa da sabulu nan da nan. Wanda zazzaɓi ya kama ya je asibiti, kada ya tsaya haɗiyar ƙwayoyi a ɗaki, ya kuma gaya wa likita inda ya bi. Ruwan sha a dafa shi ko a sayi na kwalba. A gidajen abinci na Kerala ma dafaffen ruwa mai ɗumi a kan kawo wa mutum. Cikin kurmi akwai matsattsaku, masu shiga su kan sa safa mai kauri su riƙe ɗan gishiri. In wani abu ya faru, lambar neman agaji a dukan Indiya 112 ce.

Kaya kuwa, kaɗan sun isa. Gari ba shi da sanyi a bakin teku, laima ce ta yi yawa, har wanki ya kwana biyu bai bushe ba, takalmin fata kuma ya yi fumfuna cikin mako guda. Tufafi marasa nauyi masu saurin bushewa sun fi, da takalmin roba wanda ba ya santsi, da jakar leda ta ajiye fasfo da waya, da tocila don wuta ta kan ɗauke in an yi iska. Rigar ruwa ta kan sa gumi. Laimar hannu ta fi ta, ba kuwa sai an ɗauko daga gida ba, don Alapuza ta yi suna wajen yin laima. A farkon Yuni a ke buɗe makarantu a Kerala, sai a ga yara sun fito jere, kowa da sabuwar laimarsa.

To, mene ne ribar wanda ya yi dukan wannan shiri? Ribarsa ita ce ya tarad da mutanen ƙasar cikin sha'aninsu na kansu. Daga tsakiyar Yuli zuwa tsakiyar Agusta, watan da su ke kira Karkidakam, shi ne lokacin maganin gargajiya na Ayurbeda. Masu wannan sana'a sun ce jiki ya fi karɓar shafin mai da tausa sa'ad da gari ke da laima, a kan kuma dama wani kunun shinkafa da saiwoyi a sha kullum. Daga nan sai tseren jirage. Kowane ƙauye da jirginsa, dogo siriri, tsawonsa ya ɗara ƙafa 100, da matuƙa wajen 100, da mawaƙa a tsakiya suna ba su kiɗa. Babbar gasar ita ce ta kofin Nehru a tafkin Punamada, wadda ta samo asali daga ziyarar da Firayim Minista Nehru ya kai cikin 1952. A al'ada Asabar ta biyu ga Agusta a ke yinta, amma a kan ɗaga, kamar yadda aka kai ta ƙarshen Satumba cikin 2024 saboda makokin Wayanad, sai a tambayi ranar tukuna. Cikin Agusta ko Satumba kuma a ke bikin Onam, kwana goma, a yi wa ƙofar gida ado da furanni, a zuba shinkafa da miya iri-iri bisa ganyen ayaba.

Ko ranar da ruwa ya hana fita nesa ba ta zama hasara ba. A tsohon garin Koci akwai cocin da aka fara binne Basko da Gama cikin 1524, da wurin ibadar Yahudawa da aka gina cikin 1568, da gidajen da a ke rawar Katakali da dare. A Kalikut akwai masallacin Mishkal, wanda wani attajiri mai jiragen ruwa ya gina tun ƙarni na 14. Musulmi sun kai kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen jihar, tsofaffin masallatansu kuwa ba su da ƙubba, sai rufi mai gangare hawa-hawa, irin na gidajen ƙasar da wuraren ibadarta. Maginan dā sun san ƙasar da su ke gini a ciki, suka yi rufin da ruwa zai bi ya wuce.

Haka ya kamata matafiyi ya gina tafiyarsa. Ya zaɓi watansa, ya bar teku ga masunta, ya hau tudu da rana ya sauko kafin gargaɗi ya yi ja, ya ajiye kwanakin jira cikin lissafinsa. Baƙo makaho ne ko da idonsa biyu, saboda haka kowace safiya ya tambayi mai masauki ko direba yadda su ke ganin gari. In sun ce yau ba a fita, sai ya nemi kujera a baranda, a kawo masa shayi, ya yi kallon ruwa yana sauka bisa ganyen kwakwa har ya ɗauke.